Kukan Masu Son Tamaula A Ƙaura Da Shinkafi Da Zurmi

Wannan bayani ne a kan wani al'amari wanda malamai da attajirai suka daɗe suna ɗaukarsa wasan yara, alhali kuwa dukiyar jama'a ce ake juyawa a cikinsa. Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi arewa har Ƙauran Namoda, inda titin jirgin ƙasa ya tuƙe tun 1929, daga can ya ɗauki hanyar Shinkafi ko ta Zurmi, ba zai rasa ganin wata rumfar kwano a gefen kasuwa ba, da bencina a jere, da janareta tana ƙugi a bayanta, a ƙofa kuma an jingina baƙin allo an rubuta da alli: Arsenal da Chelsea, ƙarfe kaza. Wannan shi ne gidan kallon ƙwallo. A nan ɗan tireda da ɗan acaba da gardi suke haɗuwa, kowa ya biya kuɗin shiga, su yi ta gardama a kan garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Amma in aka tambaye su labarin kulob ɗin jiharsu, watau Zamfara United, sai fuska ta canja, wani ya yi tsaki, wani ya kau da zance.

Kafin a shiga dalilin tsakin, ya kamata mai karatu ya san yadda aka tsara abin. Babbar gasar ƙasar nan kulob 20 ne a cikinta. Kowane yana karawa da kowane sau biyu, sau ɗaya a gidansa sau ɗaya a gidan abokin karawa, jimla wasa 38 ke nan. Wanda ya ci yana da maki 3, in an yi kunnen doki kowa ya ɗauki 1, wanda aka cinye ba shi da kome. In kaka ta ƙare sai a yi lissafi, huɗun da suka zo ƙarshe a gangara da su aji na biyu, a ɗauko wasu huɗu daga can. In biyu suka yi daidai a maki, sai a dubi ƙwallon da kowa ya zuba da wanda aka zuba masa. Gangarawar nan ita ce abin tsoro, domin aji na biyu tamkar kasuwar ƙauye ce bayan an saba da Kantin Kwari: 'yan kallo su ragu, gwanayen 'yan wasa su watse, sunan kulob ya daina fitowa a rediyo.

Zamfara United ta Gusau ta yi shekaru a babbar gasa, tana karɓar baƙi a filin tunawa da Sardauna, mutanen Ƙaura kuwa su cika mota su zo kallo su koma gida a ranar. Amma mafi yawan zamanta a can zaman ɗar-ɗar ne. A ranar ƙarshe ta kakar 2009 tana bakin rami, ba abin da zai fisshe ta sai ci mai yawa, sai ga shi ta zuba wa Kaduna United ƙwallo 9 ba ko ɗaya. Ta tsira, amma surutu ya tashi ko'ina cikin ƙasa, mutane suna tambaya yaya aka yi wanda ya shekara yana neman ƙwallo ɗaya da kyar ya sami tara a yini guda. Tsirar ba ta daɗe ba. A 2011 aka gangara da ita, har zuwa kakar 2025 kuwa ba ta komo ba. Yaron da aka haifa a Zurmi a shekarar da ta faɗi ya isa riƙon shago ke nan bai taɓa ganin kulob ɗin jiharsa a cikin manya ba.

To, laifin wa? Masu kallo sukan fara da zagin mai horarwa, sa'an nan alƙalin wasa, sa'an nan mai tsaron gida. In zuciya ta huce sai su komo kan asalin ciwon, shi ne mallaka. Zamfara United ta gwamnatin jiha ce, kamar yadda Kano Pillars da Katsina United da mafi yawan kulob na ƙasar nan suke hannun gwamnatocin jihohinsu. Duk ɗalibin da ya karanta babin ƙiradi a Risala ya san sharaɗinsa: mai dukiya ya ba da jari sananne, mai juyawa ya yi fatauci, a raba riba bisa ga kason da aka yanka tun farko, in an yi hasara ta hau kan jari, sai fa in mai juyawa ya yi sakaci. Ƙarfin wannan tsari shi ne akwai mutum guda wanda hasarar za ta yi wa zafi, saboda haka ba ya barci sai ya ga lissafi. A kulob ɗin gwamnati kuwa jarin na baitulmali ne, mai juyawa naɗa shi aka yi, sau da yawa don ya yi wahala a wurin zaɓe, ba don ya san sana'ar ba, wanda ya naɗa shi kuma wa'adinsa shekara huɗu ne ko takwas. Tun daga 1999 jihar Zamfara ta ga gwamna biyar, kowanne da mutanensa da abin da ya sa gaba. In kulob ya faɗi ba wanda aljihunsa ya huje. Waɗanda abin ya ci su ne ɗan wasan da ke bin albashi, da mai sayar da ruwa a ƙofar fili, da mai kallon da ba shi da ta cewa.

Daga nan sauran cututtuka suke tsirowa. Kuɗi ba ya fitowa sai takarda ta zaga ofis-ofis, ita kuwa gasa ba ta jiran sa hannu. 'Yan wasa su kwana a mota daga Gusau zuwa Fatakwal ko Kalaba, su sauka da kumburarriyar ƙafa su shiga fili. Saboda haka aka daɗe a gasar nan ana ganin cin wasa a waje kamar abin al'ajabi, kowa ya dogara ga gidansa, ya ɗauka makin gida haƙƙinsa ne ko ta halin ƙaƙa. In ƙarshen kaka ya matso kuwa sai a ga abin kunya. Ba a manta da 2013 ba, sa'ad da wasu ƙananan kulob biyu masu neman hawa aji, Plateau United Feeders da Police Machine, ɗaya ya ci 79 ba ko ɗaya, ɗayan ya ci 67, a rana guda, har duniya ta yi ta dariya, hukuma ta kori waɗanda ke ciki.

Kada wani ya ce ƙanƙantar Zamfara ce ta jawo. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ba kulob a Arewa mai jama'arta. Duk da haka a 2022 ta gangara, tare da Katsina United. A watan Afrilu na shekarar, a filin Sani Abacha, 'yan kallo suka fusata suka farfasa motar baƙinsu na Katsina, aka yanke wa Pillars maki, aka ci ta tara. Bayan wata biyu kuma shugaban kulob ɗin na lokacin, wanda shi ya kamata ya tsawata wa yara, aka same shi da laifin kai hannu ga mataimakin alƙalin wasa. Fushin masu kallo yana da dalili, amma jifa da dutse maki take ci, makin kuwa nasu ne. Pillars ta komo a 2023, sai ga shi a Oktoba 2025 an sake kutsawa fili bayan wasa da Shooting Stars, aka sake yanke mata maki 3.

Wani abin mamaki, samarin da suka guje wa ciwon gida suka koma bin kulob na Turai sun tarar da irinsa a can. A 2005 iyalin Glazer na Amurka suka sayi Manchester United a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawan kuɗin rance ne, sa'an nan suka ɗora bashin a wuyan kulob ɗin da kansa. Kowane ɗan kasuwa ya gane wannan dabara: a sayi shagonka da bashi, a ce shagon ya biya, da kuɗin ruwa a kai. A Mayu 2021 magoya baya suka kutsa filin Old Trafford har aka ɗaga wasa da Liverpool, a 2025 kuma kulob ɗin ya ƙare na 15. Bambancin shi ne su can sun san sunan wanda suke kuka da shi, lissafin kulob kuma ana buga shi kowa ya karanta. A Jamus ma ƙa'ida ce, ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, rinjayen ƙuri'a ya zauna hannun 'yan kulob masu biyan kuɗin shekara.

Gaskiya dai ba kowane kulob na gwamnati ne ya lalace ba. Enyimba ta jihar Abiya ta ɗauki kofin Afirka a 2003 da 2004. Ba kuma kowane attajiri ne ya dawwama ba, domin Abiola Babes da Leventis United sun yi tashe, masu su suka janye hannu, suka mutu. Amma Mighty Jets ta Jos, wadda ta fara ɗaukar gasar ƙasa a 1972, Alhaji Isiyaku Ibrahim ne ya riƙe ta da dukiyarsa, a 2025 kuma Remo Stars ta garin Ikenne, ta ɗan kasuwa Kunle Soname, ta ɗauki kofi a gaban kulob ɗin gwamnoni duka. Ita tana da filinta da makarantar rainon yara, tana horar da su ta sayar da gwanintarsu ga kulob na waje, kuɗin ya komo cikin jari, kamar mai kiwon da ke sayar da bajimi ya sayo maruƙa.

Arewacin Zamfara ba ta rasa attajirai ba, kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis shaida ce, ba ta kuma rasa yara masu ƙafa ba, ga su nan a filin kowace firamare da la'asar. Sai dai wanda zai zuba jari yana duban hanya tukuna, hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi kuwa 'yan bindiga sun daɗe suna tare su, har a Satumba 2021 aka rufe kasuwannin mako aka yanke layukan waya a jihar. Yaron da ya yi fice a Zurmi, in yana son a gan shi, sai ya ɗauki takalminsa ya nufi Katsina ko Kano ko Kaduna.