Motocin Safa Masu Aiki da Iskar Gas

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota kuwa ya bi ta. Sabo da haka a watan Agusta na shekarar Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin mai da motocin haya su riƙa aiki da iskar gas wadda a ke kira CNG. A 2025 Jihar Kaduna ta sa safa 100 irin waɗannan a kan hanya.

Kada jama'a su rikita ta da man gas, watau dizal. Ita wannan iska ce, daga ƙarƙashin ƙasa a ke haƙo ta, galibi wajen Neja-Dalta, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Nijeriya yawanta. A kan matse ta cikin tukunyar ƙarfe mai kauri, har ƙarfin matsin ya yi kamar sau 200 na iskar da mu ke shaƙa. Ta fi fetur araha, ba ta kuma yin baƙin hayaƙin nan na dizal. Don hayaƙin ne ma Kotun Ƙoli ta Indiya ta yi umurni a 1998 motocin safa na birnin Delhi su koma kanta, aka gama a 2002.

Masu tsoron gobara su lura: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zurara sai ya kwanta ƙasa, amma wannan sama ta ke yi ta baje. Haɗarin yana ga tukunya. A watan Oktoba, 2024, wata mota ta fashe a gidan shan gas a birnin Benin, aka tarar tukunyarta ƙirar masu walda ce. Lalle kada direba ya yarda a ɗaura masa tukunya sai a wurin da Gwamnati ta amince da shi, kome arahar da aka yi masa.

Abin da ya rage shi ne wurin sha. Tukunya cike ba ta kai nisan tankin dizal cike ba, gas ɗin kuma daga Kudu ya ke zuwa. Shi ya sa a ke fara sa safa a hanyoyin cikin gari, inda za ta komo tasharta ta sha. Don kawo gas Arewa ne aka soma shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020.