Joker: Mugun da aka so a kashe tun fitowarsa ta farko

A watan Afrilun 1940 masu sayar da jaridu a Amurka suka baje wata sabuwar mujallar labarai masu zane, kuɗinta santi goma. Sunanta Batman, fitowa ta 1. Jarumin ba baƙo ba ne, domin tun 1939 yake bayyana a mujallar Detective Comics, daga fitowarta ta 27. Baƙon shi ne abokin gabarsa, wani siriri mai fuska fara fat, da koren gashi da jan leɓe, bakinsa kullum a washe. Shi ne Joker, kuma yau sama da shekara tamanin ana damawa da shi.

Labarin ya buɗe ne da rediyo. Jama'a na zaune a gidajensu suna sauraron shiri, kwatsam sai wata murya ta katse shi, ta ce da ƙarfe goma sha biyun dare za a kashe attajiri Henry Claridge, a kuma sace lu'ulu'unsa. 'Yan sanda suka cika gidan, suka sa attajirin a tsakiya. Agogo na bugawa sai ya yanke jiki ya faɗi, fuskarsa ta murɗe ta zama wani mummunan murmushi. Da aka buɗe ma'ajiya sai aka tarar da gilashi a madadin lu'ulu'un, ga kuma karta mai hoton joka. Ashe tun daren jiya mugun ya shigo, ya yi masa allurar guba mai cin mutum bayan awa ashirin da huɗu, ya yi awon gaba da dukiyar. Lokacin da ya yi shela, aikin gama ya riga ya gama.

A nan ƙarfin wannan labari yake. A Amurkar 1940 rediyo ne abin da iyali ke kewayewa da daddare. Ta nan Shugaba Roosevelt ke yi wa al'umma jawabi, ta nan kuma labarin yaƙin Turai ke shigowa. Marubucin ya ɗauki muryar da mutane suka amince da ita ya sa ta a bakin mai kisa. Haka ya yi wa dariya, wadda kowa ya sani alamar farin ciki ce: ya mayar da ita hatimin mutuwa a fuskar gawa. Sannan bai gaya wa mai karatu ainihin sunan mutumin ba, bai kuma faɗi abin da ya mayar da fuskarsa haka ba. Ɗan abin da aka sani na tarihinsa shi ne wani alƙali mai suna Drake ya taɓa ɗaure shi, shi ma alƙalin bai tsira ba. Sai a 1951 aka ba da labarin faɗawarsa cikin ruwan sinadarai. A ganina wannan shirun na farko ya fi duk bayanin da ya biyo baya tsoratarwa, domin abin da ba a san tushensa ba ya fi wuyar sabo.

Saura ƙiris da labarinsa ya ƙare a nan. Mujallar na ɗauke da labari na biyu a kansa, inda ya fasa kurkuku, ya ci gaba da kisa, daga bisani garin kokawa da Batman ya daɓa wa kansa wuƙa a ƙirji. Niyyar masu labarin ita ce ya mutu, kamar yadda aka yi da wasu miyagun da Batman ya kara da su kafin nan. Edita Whitney Ellsworth ya ce a'a, irin wannan mugu ba a yar da shi. Sai aka ƙara zane a ƙarshe, inda likita a motar asibiti ya gano mutumin na da sauran numfashi. Wannan shawara ta edita ta taimaka wajen kafa al'adar da ta zama ƙashin bayan irin waɗannan mujallu, wato mugu mai dawowa. Jarumi ba ya shahara sai da abokin gaba daidai da shi.

Daga baya zamani ya yi ta juya shi. Cikin shekarun 1940 aka rage masa kisa, ya koma ɓarawo mai raha saboda yara masu karatu. A 1954, bayan littafin likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham da ya zargi mujallun da ɓata tarbiyya, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa, abin ya ƙara laushi. Sai a 1973 marubuci Dennis O'Neil da mai zane Neal Adams suka dawo da shi mai kisa kamar na farko. Wannan siffar ce fina-finai suka gada. Heath Ledger da Joaquin Phoenix kowannensu ya ci kyautar Oscar da wannan rawa, a fina-finan 2008 da 2019.

To wa ya ƙirƙire shi? Mutum uku ne suka yi aikin. Bob Kane ne mai kwangila da kamfanin da ke buga mujallar, Bill Finger ke rubuta labari, sai Jerry Robinson, matashi ɗan shekara goma sha takwas, ɗalibin aikin jarida a jami'ar Columbia, da ke taya zane. Robinson ya ce shi ya kawo tunanin, ya kuma zana kartar joka. Kane ya musa, ya ce shi da Finger ne, kuma Finger ne ya kawo hoton ɗan wasan Jamus Conrad Veidt daga fim ɗin The Man Who Laughs na 1928, wanda aka ɗauko daga littafin Victor Hugo na Faransa, labarin mutumin da aka yanka wa baki tun yana yaro har ya zama kamar mai dariya. Dukansu sun rasu ba a daidaita ba. Abin da duk ɓangarorin suka yarda da shi shi ne Finger ne ya rubuta labarin.

Amma sunan Kane kaɗai aka riƙa bugawa, domin haka kwangilarsa ta tanada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Finger ya rasu a 1974 cikin talauci, kuma sai a 2015 kamfanin DC, mai buga mujallar, ya amince a riƙa sa sunansa cikin waɗanda suka ƙirƙiri Batman. A 2021 aka yi gwanjon kwafi guda na waccan mujalla ta santi goma a kan dala miliyan biyu da dubu ɗari biyu da ashirin. Gyaran da aka yi wa sunan Finger ya zo shekara arba'in da ɗaya bayan rasuwarsa. Duk mai ɗaukar marubuci ko mai zane aiki ya kamata ya rubuta sunansa a kan aikinsa tun yana raye, ya kuma biya shi haƙƙinsa.