Daga Lakar Kadawa Zuwa Maganaɗisun Waya

A filayen noman rani na Kadawa, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa tun bayan kammala ta a 1974, akan ci karo da fangalin da ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, ƙasarsa ta daskare, ruwa ya kwanta a kai ya ƙi shiga. Manomi zai ce kanwa ta ci wurin, kuma gaskiyarsa. Ƙwayoyin laka suna da wani irin caji na lantarki da ke riƙe sinadaran da shuka ke ci, irin su kalsiyam da fotasiyam. Idan sodiyam, wato sinadarin da ke cikin kanwa da gishiri, ya yi yawa, sai ya ture su ya mamaye gurbinsu. Maganin da masana ƙasa ke bayarwa shi ne a zuba jibsam, kalsiyam ɗin cikinsa ya kori sodiyam, ruwa ya wanke shi zuwa magudana. Wannan musaya ta ba ni gurbi in ba ka, ita ce dabarar da ta sauƙaƙa tace ƙarafan da manyan ƙasashe ke rububi a kansu yau. Saboda haka nake ganin Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi, kuma bai kamata ta ci gaba da sayar da yashinta ɗanye ba.

A gona ma aka gano abin. A 1850 wasu Turawan Ingila biyu, Thompson da Way, suka bayyana cewa idan aka tsiyaya ruwan takin amoniya ta cikin ƙasa, amoniyar takan maƙale, kalsiyam ya fito a madadinta. A 1935 Adams da Holmes suka ƙera roba mai irin wannan hali, wadda ake kira rezin. Ƙwayoyi ne 'yan mitsi-mitsi, ba su kai ƙwayar gero ba, masu launin zuma. Irinsu ne ake durawa a tukwanen tace ruwa na wasu masana'antu, in sun gaji a farfaɗo da su da ruwan gishiri.

Ƙarafan da ake magana guda 17 ne. Sunan da aka laƙaba musu na masu wuyar samu yana ruɗarwa, domin seriyam, ɗaya daga cikinsu, ya kai tagulla yawa a doron ƙasa. Wahalarsu ita ce kama: tare ake samunsu a dutse ɗaya, cajinsu ɗaya, halinsu kusan ɗaya, sai ɗan bambancin girma da ke raguwa kaɗan-kaɗan daga lantanam zuwa lutetiyam. Tsince tsakuwa daga shinkafa abu ne mai sauƙi, amma a ce a ware irin shinkafa goma sha biyar da aka cakuɗa a buhu guda, nan ake yin ta. A 1911 Charles James ya narkar da gishirin tuliyam, ɗaya daga cikinsu, ya sake daskarar da shi har sau 15,000 kafin ya gamsu da tsarkinsa. Abin da ya yanke wannan wahala shi ne aikin Frank Spedding da abokansa a Ames ta jihar Iowa a Amurka, wanda suka fara bugawa a 1947. Ana cika dogon bututu da rezin, a zuba ruwan da aka narkar da ƙarafan, su maƙale a sama. Sai a riƙa sako wani ruwa a hankali, mai sinadarin tsamin lemo, wanda daga baya aka maye gurbinsa da wani sinadari, EDTA. Wannan ruwa ya fi riƙe ƙananan cikinsu, rezin kuwa yana jan ƙafar manya. Kowane ƙarfe yana sauka yana maƙalewa, yana sakin gurbi yana kama wani, sau dubbai, har ɗan bambancin nan ya taru ya zama tazara. Lutetiyam ke fara fitowa, lantanam a ƙarshe, kowa a kwanonsa. Da wannan hanya ce aka gano furometiyam, shi ma ɗaya daga cikinsu, a Oak Ridge a 1945.

Me ya haɗa mu da wannan? A tudun Jos, bayan an ware kuza da kolombait, akan bar wani yashi mai nauyi, ruwan ƙasa-ƙasa, wato monazait, kuma a cikinsa akwai niyodimiyam da ake ƙera maganaɗisu mai ƙarfi da shi, irin na lasifikar waya da na injinan ban ruwa da yawa masu aiki da hasken rana. A buhu yake fita daga ƙasar nan. Mutumin Kura ba ya bukatar dogon bayani: ya san ratar kuɗin da ke tsakanin shanshera da shinkafar da aka turara aka casa aka tsince, ya kuma san a wace unguwa ribar ke kwana. Kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin tace waɗannan ƙarafa a Sin ake yinsa, kuma da wannan take juya kasuwa.

Za a ce rezin tsohon yayi ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Tun shekarun 1960 manyan masana'antu suka koma wata hanya ta kaɗa ruwan ƙarafan da wani irin mai a jerin ɗaruruwan tankuna, domin bututun rezin yana da nawa, kuma kaɗan yake fitarwa. Sai dai har gobe shi ake komawa idan ana son tsarki na ƙoli. Ga ƙasar da ba ta fara ba, nawar ma alheri ce: bututu da rezin da na'urar awo ba su fi ƙarfin ɗakin gwaji na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ba, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona tata ta Samaru ke da tasha a Kadawa, kuma masananta sun daɗe suna auna ƙarfin musayar ƙasa. Wanda ya iya ware giram goma da hannunsa shi zai san abin da ke cikin buhun da ake saye a hannun mai haƙa, ya kuma iya zama teburin ciniki da mai son kafa masana'anta.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ban ga hanyar kauce masa ba. Monazait yana ɗauke da toriyam mai fitar da tururin nukiliya, kuma sai an dafa shi da asid ko soda mai ƙuna kafin ya narke. A Bukit Merah ta Malesiya, masana'antar da ta fara tace monazait na ragowar kuza a 1982 ta jawo shari'a da zanga-zangar mazauna, aka rufe ta, aka shafe shekaru ana binne sharar. A yankin Ganzhou na kudancin Sin kuwa, inda ƙarafan ke maƙale a jikin laka, da ruwan takin amoniyam salfet aka riƙa kwaranyo su, kuma rafuka da gonaki sun ɗanɗana kuɗarsu. Lakar da ke riƙe taki ita za ta riƙe guba, ba ta zaɓe. Tsohuwar mahaƙar kuza ta Riruwai tana ƙaramar hukumar Doguwa, ɓangaren da Kogin Kano ke ratsowa kafin ya zuba a Tiga. Duk wani lasisin wanke ma'adinai ko tace shi a wannan yanki, kamata ya yi Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Kura da Bunkure da Garun Malam su ga inda za a zubar da ruwan dattin kafin a sa masa hannu.