Waye ke ƙwanƙwasa ƙofar sabarku sau dubu?

Shirin yau na masu kula da kwamfutocin ofis, makaranta ko kafe ne.

Sabar fayil ita ce kwamfutar da kowa ke ajiye takardunsa a ciki. Tana da rajista, wato log, inda take rubuta duk wanda ya shigo da wanda ya fita. Wata rana sai ka ga rajistar ta kumbura, layi iri ɗaya ta maimaita shi dubbai, har diski ya cika, aiki ya tsaya cak. Da yawa sai su goge ta kawai, ko su hana ta rubutu. Ni dai a wurina wannan toshe bakin maigadi ne, mai ƙwanƙwasar kuma yana nan bai tafi ba.

Nemo shi za ka yi. Idan Samba ce a kan Linux, leƙa /var/log/samba ka ga lambar IP ɗin da ta fi fitowa. Rubuta smbstatus, zai nuna maka waɗanda ke ciki yanzu. Mai shiga ya fice kafin ƙiftawar ido kuwa, tcpdump a ƙofa ta 445 ne zai kama shi.

To, ka samu lambar. In ta fara da 192.168, ɗan gida ne. Shiga rauta ka duba wace na'ura aka ba ta. Sau da yawa abin dariya ne: an canja kalmar sirri, wata kwamfuta a lungu tana ta gwada tsohuwar dare da rana. Ko firinta mai tura sikan, ko manhajar kwafe fayiloli da ta rikice. Gyara na'urar, rajista za ta lafa da kanta.

Amma in lambobin baƙi ne, daga ko'ina, to wallahi ba wasa. Ƙofar 445 a buɗe take ga intanet, na'urorin masu kutse ke lalube. Ta nan WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle fayiloli a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ta fitar da gyara tun Maris. Rufe ƙofar a rauta yau ɗin nan, ka kashe tsohon SMB1, sannan ka kwafe rajistar ka adana, don ita ce za ta gaya maka ko wani ya riga ya shiga.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mako mai zuwa.