Kaluluwar da ta ƙi sacewa: abin da ya kamata ku sani

Kowa ya san kaluluwa. Mutum ya ji ciwo a ƙafa, hantsarsa ta kumbura, ciwon na warkewa ita ma ta sace. Wannan aikinta ne, domin a cikinta jiki ke tace ƙwayoyin cuta. Wadda ake tsoro ita ce kaluluwar da ta fito a wuya ko hammata ko hantsa, ta kai wata guda ba ta sauka ba, musamman idan ta zo da zazzaɓi, gumin dare, rama da kasala.

Maganar ta shafi masu haƙar zinariya a Tchibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya, inda jama'a suka yi ta kwarara tun 2014, da mazauna Arlit da Akokan, garuruwan yuraniyom. Ƙurar dutsen da ake fasawa da niƙawa tana lalata huhu, tana buɗe ƙofa ga tarin tibi, shi kuma tibi yana cikin manyan abubuwan da ke kumbura kaluluwar wuya a Afirka. Maganinsa ƙwayoyi ne na wata 6. Bayansa akwai ƙanjamau, da sankarar kaluluwa, sai kuma wata cuta da ba a cika samunta ba, cutar Castleman.

Sunan wani likitan Amurka ne, Benjamin Castleman, wanda ya bayyana ta a shekarun 1950 a birnin Boston. Ba sankara ba ce, amma wani lokaci da maganin sankara ake yaƙarta. Iri biyu ce. Ta farko a wuri ɗaya take tsayawa, sau da yawa a ƙirji ko ciki, kuma idan aka yi tiyata aka cire kumburin yawanci an rabu ke nan. Ta biyu tana kama wurare da yawa lokaci guda, ta kumbura saifa da hanta, ta rage jini, ta tara ruwa a jiki. Abin da ke hura wutarta wani sinadari ne na garkuwar jiki mai suna IL-6, wanda yake yin yawa fiye da kima. A wasu mutane ƙwayar cutar HHV-8 ce sila, wadda ke haddasa sankarar Kaposi, kuma ta fi kama masu ƙanjamau. A wasu kuwa har yau masana ba su gano silar ba.

Magani yana bin irin cutar. Mai HHV-8 ana yi masa ƙarin ruwan rituximab, galibi sau ɗaya a mako har mako 4, tare da maganin ƙanjamau idan yana ɗauke da ita. Wanda ba shi da ƙwayar HHV-8 ana ba shi siltuximab, wanda Amurka ta amince da shi a 2014, ko tocilizumab, duka biyun suna toshe aikin IL-6. Idan cutar ta yi tsanani har ta fara taɓa ƙoda ko huhu, ko waɗancan magunguna suka gaza, sai a koma ga kemoterafi, wato magunguna masu ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, irin su etoposide, doxorubicin da cyclophosphamide. Zagaye-zagaye ake ba da su, sau da yawa bayan kowane mako 3, don jiki ya huta a tsakani.

Kemoterafi yana da wahala, kuma gara mara lafiya da danginsa su san haka tun farko. Gashi kan zube, a yi tashin zuciya, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi. Galibin waɗannan suna wucewa bayan an gama. Amma zazzaɓin da ya kai digiri 38 a tsakiyar magani ba a kwana da shi, asibiti za a nufa nan take. Kafin a fara kuma dole a gwada ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu, domin rituximab kan tayar da shi.

Duk waɗannan cututtuka kama da juna suke yi a ido. Ba a rarrabe su sai an ciro kaluluwar an duba ta da madubin likita. Shi ya sa tsagar wanzami da sakiya ba sa maganinta, sai ƙarin rauni. Ƙwayoyin dexamethasone da ake saya a kasuwa sun fi haɗari, domin suna rage kumburin na ɗan lokaci, su ɓoye cutar ga mai gwaji, su kuma ba tibi damar yaɗuwa.

Hanya tana da nisa. Daga Arlit zuwa Agadas kusan kilomita 240 ne, daga Agadas zuwa Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa take, fiye da 900. Nisan ne ma ya sa bai kamata a jira sai ciwo ya kwantar da mutum ba. Shugabannin ramuka da abokan aiki, idan kun ga ɗan'uwanku yana ramewa da kumburi a wuya, ku haɗa masa kuɗin mota ya je a gwada shi. Wanda kuma aka ɗora a kan magani, ya daure ya kammala zagayensa duka, ko da ya ji sauƙi tun a na biyu.