Gyaɗa Mai Yaji: Kimiyyar da ke Cikin Kasko

Duk inda aka taru don walimar suna ko ta sauka, ko bikin yaye ɗalibai a makaranta, da wuya a rasa faranti ɗaya na soyayyar gyaɗa. Ba ta da tsada, ba ta buƙatar firji, kuma ɗalibin da bai taɓa girki ba ma yana iya haɗa ta cikin sa'a guda. Sai dai wannan sauƙi yana ɓoye abubuwa da yawa. Tsakanin ɗanyar gyaɗa mai gafi da wadda ke ƙamshi a faranti akwai sauye-sauyen sinadarai masu ban sha'awa, akwai kuma wata guba wadda wuta ba ta kashe ta.

Gyaɗa, wadda masana ke kira Arachis hypogaea, 'yar uwar wake ce da waken suya. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, kuma Turawan Fotugal ne suka kawo ta Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Furenta yana buɗewa a sarari, amma bayan barbara sai wani ɗan tsinke ya fito daga gindinsa ya nutse cikin ƙasa, a can kuma 'ya'yan suke ƙosawa. Wannan zama a cikin ƙasa yana da nasaba da batun gubar da za a zo kansa. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin, sai ɗan sukari da sitaci. Waɗannan su ne kayan aikin da zafi yake sarrafawa.

Me ke faruwa idan ta shiga kasko? Da farko ragowar ruwan da ke jikinta ne yake fita. Muddin akwai ruwa sosai, zafin ƙwayar ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa dafaffiyar gyaɗa ba ta yin ja, ba ta kuma ƙamshin soyayya ko da ta kwana a kan wuta. Bayan ruwan ya ƙafe sai zafi ya hau, kuma daga wajen digiri 140 sukari da ƙananan sassan furotin, wato amino asid, sukan fara haɗuwa da juna cikin sauri. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ne ya fara bayanin wannan haɗuwa a shekarar 1912, don haka ake kiran ta da sunansa. Ita ce ke haifar da launin ruwan ƙasa, ita ce kuma ke samar da ɗaruruwan sinadarai masu tashi cikin iska, musamman wani rukuni da ake kira firazin, wanda hanci ke shaida shi da cewa ƙamshin gyaɗa ne. Wannan haɗuwa ce dai ke ba ɓawon burodi da tsire launinsu.

Matan da ke suya da yashi sun warware wata matsala ta kimiyyar zafi tun da daɗewa. Ƙwayar gyaɗa mulmulalliya ce, wuri kaɗan ne na jikinta ke taɓa gindin kasko, saboda haka wurin yakan ƙone alhali sauran jikin ɗanye ne. Yashi mai zafi kuwa yana kewaye ƙwayar ta ko'ina, yana raba mata zafi daidai wa daida. Mai tanderun zamani yana iya samun irin wannan sakamako idan ya baza gyaɗar a faranti ba tare da ta hau kan juna ba, a zafin digiri 160 zuwa 170, na tsawon minti 15 zuwa 20, yana motsa ta sau ɗaya ko biyu. Ko ta wace hanya aka bi, a sauke ta kafin ta kai launin da ake so, domin zafin da ta riƙe yana ci gaba da aiki bayan an sauke. Kada kuma a yanke mata hukunci da zafinta: sai ta huce take yin garas-garas.

Batun yaji shi ne inda masu koyo suka fi kuskure. Garin barkono da na citta sun fi gyaɗa saurin ƙonewa nesa ba kusa ba, kuma ƙonannen barkono ɗaci gare shi. Wanda ya zuba yaji tun farkon suya zai ci baƙin gari ne kawai. Matsala ta biyu ita ce busasshen gari ba ya manne wa busasshiyar ƙwaya, sai ya taru a gindin faranti. Hanya mafi sauƙi ita ce a murje jan ɓawon bayan suya, a sheƙe, sannan a zuba wa kofi biyu na gyaɗa ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa tun tana da ɗumi, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali na gishiri, da barkono da citta gwargwadon yadda baki zai iya, da ɗan masoro da kanumfari kaɗan, a jujjuya. Mai tanderu yana da wata dabarar: ya kaɗa farin ƙwai ɗaya har ya yi kumfa, ya gauraya shi da yajin da ɗan sukari, ya cuɗa gyaɗar a ciki, ya gasa a zafin da bai kai na farko ba. Furotin ɗin farin ƙwai yana daskarewa da zafi, sai ya zama wata siririyar riga da ke riƙe yajin. Gishiri kuwa, idan ana so ya ratsa ciki, sai a jiƙa ɗanyar gyaɗar a ruwan gishiri, a shanya ta bushe sarai, kana a soya, kamar yadda masu gyaɗa mai gishiri ke yi.

Man da aka zuba yana da wani amfani bayan mannewa. Sinadarin da ke ba barkono zafi, kafsaisin, a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, don haka mai ke watsa shi ko'ina a jikin gyaɗar. Wannan ne kuma dalilin da ya sa wanda yaji ya kama bai cika samun sauƙi da ruwa ba, nono ko madara sun fi yi masa magani. A gaskiya barkono ba ya ƙona harshe. A shekarar 1997 David Julius da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa kafsaisin yana kama wata kafa ce a jikin jijiyoyi wadda aikinta shi ne sanar da ƙwaƙwalwa idan zafi ya wuce kimanin digiri 43. Ke nan yaudarar jijiya yake yi. Wannan bincike na cikin abin da ya sa aka ba Julius kyautar Nobel a 2021. Abin sha'awa, kafar da tsuntsaye ke da ita ba ta amsa wa kafsaisin, shi ya sa suke cin barkono hankali kwance, suna yaɗa irinsa.

Aikin da ya fi kowane muhimmanci kuwa shi ne wanda ake yi kafin a hura wuta, wato tsince gyaɗar. Akwai wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus da ke zaune a cikin ƙasa. Tana shiga gyaɗa idan fari ya galabaitar da shuka gab da girbi, ko ƙwari sun huda kwanso, ko an adana amfanin bai gama bushewa ba. Gubar da take fitarwa ana kiran ta afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Birazil. A jikin ɗan Adam hanta take yi wa illa. Cin ta kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru yana haddasa ciwon dajin hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ƙwarai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Cin ta da yawa a lokaci guda kuwa yana kisa: a 2004 mutane 125 suka rasu a Kenya sakamakon cin gurɓatacciyar masara.

Mutane da dama sun ɗauka cewa wuta tana tsarkake komai. Ga ƙwayoyin cuta da ita kanta fumfunar, haka ne. Amma gubar tana jure zafin suya. Abin da ke raguwa wani kaso ne kawai, sauran yana nan. Yaji kuma yana iya rufe ɗacin da ya kamata ya gargaɗi mai ci. Abin da ke taimakawa shi ne gubar ba ta bazu daidai cikin buhu ba, yawancinta yana tattare ne a 'yan ƙwayoyi ƙalilan. Saboda haka zubar da duk ƙwayar da ta motse, ko ta fashe, ko ta sauya launi, ko ƙwaro ya huda, yana rage gubar sosai. Zubarwa ake nufi, ba zuba wa kaji ko awaki ba, domin su ma tana cutar da su, har tana iya fitowa a nonon dabba. Al'adar ware tsintacciyar gyaɗa mai araha don yin ƙuli-ƙuli ko tunkuza abu ne da ya kamata malaman kimiyya su riƙa jan hankalin ɗalibai a kansa, tun da da ƙuli-ƙulin ake haɗa yajin tsire. A gona kuma, cibiyar IITA da ke Ibadan tare da abokan aikinta ta samar da Aflasafe, wanda ke ɗauke da irin wannan fumfuna marar guba, ana watsa shi a gona don ya mamaye wurin kafin mai gubar ta samu gindin zama.

Bayan an gama, a bar gyaɗar ta huce gaba ɗaya kafin a ɗura ta a busasshiyar kwalba mai murfi. Idan aka rufe ta da ɗumi, tururi zai koma ruwa ya sa ta yi laushi. Iska da haske kuma suna sa man da ke cikinta ya lalace ya yi wari, don haka gara a soya ta kwana ɗaya ko biyu kafin taro. Mai masaukin baƙi ya sanar da su idan akwai gyaɗa ko ƙwai a cikin abin da aka ajiye, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar su, har numfashi yakan sarƙe musu. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa kada a ba su ƙwayar gyaɗa gaba ɗayanta, saboda girmanta ya isa ya toshe musu hanyar iska.