Asibitin da majinyatansa su shaho da mujiya ne

A jami'ar Minnesota ta Amurka, ƙarƙashin tsangayar koyon likitancin dabbobi, akwai wani asibiti da aka kafa a 1974 wanda ba ya karɓar kowa sai tsuntsaye masu farauta: mikiya, shaho, mujiya da danginsu. Kusan tsuntsu dubu ake kai musu a shekara, wani mota ta buge shi, wani ya yi karo da gilashin taga. A nan ɗalibai ke koyon aiki a gaban malamansu.

Darasin farko shi ne yadda ake riƙe majinyacin. Ƙafafu ake fara kamawa, don faratan ne makaminsa, sai a rufe masa ido da ƙyalle ya natsu. Ba a matse masa ƙirji, domin da motsin ƙashin ƙirji tsuntsu yake numfashi. Ka danne shi da sunan taimako, ka kashe shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne dashen gashi. Idan gashin fiffike ya karye, sai a ɗauko irinsa daga wani tsuntsu da ya mutu, jinsi ɗaya, daga gurbi ɗaya na fiffiken. A zura siririn tsinken gora a cikin bututun tsohon gashin da na sabon, a manne su da gam. Da wannan aron zai ta tashi har lokacin da zai zubar da gashi ya fid da nasa. Kafin a sake shi kuma sai an ɗaura masa doguwar igiya a ƙafa an fita da shi fili, an ga ƙarfin tashinsa, don shahon da bai iya cafko abinci yunwa ce za ta ƙarasa shi. Wanda ba zai sake tashi ba, wani a ajiye shi don koyar da yara, wani kuwa a yi masa allurar da za ta hutar da shi.

Mikiyoyi da yawa gubar dalma ce ke kawo su. Maharba kan bar kayan cikin barewa a daji da ɓurɓushin harsashi a ciki, mikiya ta ci. Ɗan guntun da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya isa ya kashe ta.

Wani zai ce, to mu da asibitin mutane ma yake gagararmu, ina ruwanmu da mujiya? Ai akwai ruwanmu. A Indiya, tun shekarun 1990, maganin diclofenac da ake yi wa shanu ya riƙa lalata ƙodar ungulun da suka ci mushensu, har sama da kashi 95 cikin ɗari na wasu jinsunan suka ƙare kafin a hana maganin a 2006. Mushe ya taru, karnuka suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Ungulun da muka saba gani a mayanka a Kumasi da Tamale ita ma tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. A 2020 an tsinci sama da 2,000 a mace a Gini Bisau, an sa musu guba, da yawa an cire musu kai don tsubbu. Masu sayen kan nan fa ba daga wata duniya suka zo ba, kuma ni ban ga inda addininmu ya yarda da wannan ba, balle jifan mujiya don wai tana kawo mutuwa.

Jami'ar Ghana a Legon da KNUST a Kumasi duk suna horar da likitocin dabbobi, kuma zan so in ga 'ya'yan zango a cikinsu, musamman 'ya'yan mahauta da suka tashi suna ganin ungulu kullum. Yaran ajina kuwa, masu yawo da danƙo a aljihu, abin da nake gaya musu shi ne: in kun tsinci shaho da karyayyen fiffike, ku lulluɓe shi da tsumma, ku sa shi a kwali mai huji, kada ku ɗura masa ruwa don zai shaƙe, ku kira babba ya kai shi ofishin likitan dabbobi mafi kusa.